Maɗacin da Iya Ta Ce Nata Ne

Har yau idan na ji ƙamshin ruwan rake yana tafasa, ɗakin Iya ne ke fara faɗo mini a rai. Iya kakata ce, mahaifiyar babana, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. A ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni. Ƙauyenmu yana wajen Ɗandamisa a ƙasar Maƙarfi, inda fadama ke cike da rake, kuma abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki, lokacin da duk inda ka juya ana cewa yanzu komai ya zama namu. A gidanmu dai sai da aka kai ruwa rana kafin a san na wane ne a cikinmu.

Da ɗari ya shigo, an yi isha'i an ci tuwo, sai Iya ta jawo gungumen da ta tanada tun da rana, ta tura shi tsakiyar ɗaki ta haɗa masa kara ta hura. Jikoki su yi ta turereniya, kowa na neman gefen da hayaƙi ba ya bi. Ni ba ruwana da turereniya, wurina sananne ne, jikin cinyarta ta hagu, duk wanda ya kuskura ya zauna a nan kuwa sai ya ji a jikinsa. Ita tana kan tabarma da audugarta da mazari tana kaɗi, ta binne mana dankali a toka. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta murza mazari ta sake shi yana juyi, sannan ta ce:

"Ga ta nan tafe da ƙafa ɗaya."

Mu haɗa baki mu ce, "Mun ara mata ta biyu!"

In muryarmu ba ta gamsar da ita ba sai ta taɓe baki. "Wannan ai ƙafar sauro kuka ara mata, ina za ta kawo ta? Ku sake." Mu sake, har ƙurar jinka ta zubo. In kuma ta kai ƙarshe, sai ta ɗauki tsinke ta motsa wuta ta ce, "Ta faɗa toka, mai so ya tona da safe." Daga nan ko za ka yi kukan jini ba ƙari.

Akwai doka guda da duk mun sani. Abin da aka faɗa tsakanin aron ƙafa da faɗawa toka, ba a kama mutum da shi. In wani mai ƙaton kai a cikinmu ya ce, "Iya, yaushe kura ta taɓa ɗaura zane?" sai ta harare shi ta ce, "Tafi can, sarkin gaskiya. A cikin tatsuniya ba a kama mutum da bakinsa." Mu yi dariya a ci gaba. Dokar tana burge ni sosai a lokacin.

Gidanmu gidan gandu ne. Tun da kakanmu ya rasu, Baffa, yayan babana, shi ne kan gandu. Maza su yi noma tare a gonar gida daga safe zuwa azahar, hatsi ya shiga rumbu ɗaya, Baffa ya biya haraji ya fitar da awo. Bayan azahar lokacin mutum nasa ne, ya je gayaunarsa ko ya yi abin da ya ga dama, kuma abin da ya samu a nan ba mai taɓa masa. Amma duk abin da kayan gandu ya shiga cikinsa, ko da igiya ce, to na gandu ne. Baffa ɗan fari ne, Iya ba ta faɗin sunansa, ba ta ma cika haɗa ido da shi ba, sai dai ta ce "babban gida". Babana kuwa shi ne auta, da shi take raha, shi take ɓoye wa ƙanzo kamar ƙaramin yaro, alhali ga shi da gemu da 'ya'ya.

Babana yana da wata cuta, cutar ƙarfe. Mu ba maƙera ba ne, ko a dangin nesa, amma shi in ya ga abu mai noti ko kusa ba ya samun natsuwa sai ya ga cikinsa. Ya kafa wata 'yar rumfa bayan rumbu, ya samo guntun ƙarfe mai nauyi ya kafe shi a kututture ya zama uwar maƙerarsa, ya ɗinka zugazugi da fatar akuyar suna, ya tara guduma da awartaki da magagari da sifana guda biyu da ba wanda ya san inda ya samo su. Keken wani ya saki sarƙa, a kawo masa. Kwaɗo ya ƙi buɗuwa, a kawo masa. Fitila tana yoyo, ya narka dalma ya toshe. Ba ya karɓar komai, shi dai a bar shi ya buɗe. Matsalar ita ce in babu abin da ya lalace, sai ya kwance mai lafiya. Innata har ɓoye fitilarta take yi cikin tukunyar daddawa, tana cewa gara ta yi wari da ta dawo mata da wani abu ya yi saura a hannunsa. Ni yake kira Uwata, saboda sunan da nake ɗauke da shi, kuma in ya gyara abu ni yake fara nuna wa. "Uwata, zo ki ji yadda yake kuka yanzu." Ni ban san komai a kukan ƙarfe ba, amma in ga yadda fuskarsa ke washewa sai in ce ya yi daɗi.

A lokacin injin matse rake, irin wanda doki ke juyawa, ba kowa ke da shi ba. A duk yankinmu masu shi ba su taka kara sun karya ba. In ka sare rakenka sai ka kai ka bi layi, mai inji ya gama nasa da na surukansa, naka yana zube a rana yana bushewa. Kafin a zo kanka ruwan ya ragu, mazarƙwailar ta fito baƙa. Wannan abu yana ci wa babana tuwo a ƙwarya. Wata rana ya je gyara wa wani keke a Janfalan, can ƙasar Ikara, sai ya hangi mataccen inji a bayan gidan, ciyawa ta rufe shi, kaji har ƙwai suke yi a ciki. Haƙoran da ke juya shi sun kakkarye, tsatsa ta cinye. Mai gidan ya ce in yana so ya kwashe, ya rage masa shara.

Da jakin abokinsa ya riƙa kwaso shi gunduwa-gunduwa, bai taɓa jakin gida ba. Ya san yayansa, ya kuma san dokar gandu, saboda haka ya yi taka-tsantsan kamar mai tafiya a kan ƙaya. Gawayinsa shi yake ƙonawa daga saran gayaunarsa. Bai taɓa ɗaga guduma kafin azahar ba. Ko man gyaɗan da yake jiƙa tsatsa da shi, na innata ne. Ya samo tsohon ƙarfen ƙarƙashin mota a kasuwar Maƙarfi, ya riƙa yankan guntaye yana gasawa, yana dukansu, yana gogewa da magagari har su yi daidai da gurbin haƙorin da ya karye, sannan ya huda ya kafe da kusa. Haƙori ɗaya kan ci masa kwana da kwanaki, wani in ya gama ya gwada ya ga ya cije, ya cire ya sake. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, yana nan. Baffa in ya gifta sai ya ce, "Auta, har yanzu ba ka binne gawar nan ba?" Mutanen zaure su kwashe da dariya, babana ma ya taya su.

A ƙarshe ƙarfe ya haɗu, ya rage itace. Inji yana bukatar gindi mai nauyi da za a kafa shi a kai, da doguwar sanda mai ƙwari da doki zai ja. A gayaunar babana babu bishiyar da za ta yi.

Ranar da ya zo da maganar, Iya tana cikin ba mu tatsuniyar kaza da ɗan zabo, wadda muka ji har mun haddace amma ba ma gajiya da ita. Wai wata kaza ce aka sa mata ƙwan zabo cikin nata, ta kwanta ta ƙyanƙyashe duka. Ɗan zabon shi ya fito a ƙarshe, kuma shi ta fi so. Da ya fara tasawa sai ya riƙa ɗaga kai yana kallon sama, ga shi fukafukansa ba su isa su ɗauke shi ba. Ya je wajen maƙeri ya ce zai riƙa yi masa zuga, shi kuma ya ƙera masa gashin fiffike na ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka ƙera sai ya kawo wa uwarsa ajiya, ta tura ƙarƙashin cikinta, don a ganinsa duk duniya ba inda ya kai nan aminci.

Daidai nan babana ya yi sallama. Kullum bayan isha'i yakan zo ya durƙusa bakin ƙofa ya gaishe ta, amma ranar bai tashi ba bayan gaisuwa. Ya zauna yana murza hula a hannu.

"Auta, in ƙanzo ka zo nema, yara sun riga ka," in ji Iya.

"A'a, Iya. Itace ne ya tsaya mini. Na duba ko'ina, ba wanda zai ɗauki injin nan sai irin maɗacin bakin fadama. Ga shi kuma yana cikin gonar gida."

Iya ta tsayar da mazari. "Yana cikin gonar gida, amma wa ya ce maka na gida ne? Maɗacin nan nawa ne. Malam mahaifinka ya ba ni shi da bakinsa ranar da na haife ka, ya ce in na tsufa in riƙa shan inuwa. Ni wace inuwa zan je sha a fadama da wannan gwiwar? Je ka sare abinka, na ba ka duniya da lahira."

A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, gona ta zama ta wani, bishiyar cikinta ta zama ta wani. Babana ya yi ta godiya har goshinsa na neman taɓa ƙasa. Ta ce, "Tashi ka ba mu wuri, ka bar mana kaza a kwance." Ya fita yana dariya. Sauran yara ba wanda ya kula, hankalinsu na kan dankali. Ni kuwa ina jingine da cinyarta, kowace kalma ta shiga kunnena, na kuma ji daɗi har cikin raina.

Ta ɗora daga inda ta tsaya. Ranar da gashin ya cika, ɗan zabo ya zo ya ce, "Inna, ba ni ajiyata." Kaza ta ce, "Wace ajiya?" Ashe tuni ta kwashe ta ba zakara, babban ɗanta, ya jera a wutsiya yana yawo yana ƙyalli. Ɗan zabo ya yi kuka har ya gode Allah. Ana cikin haka shirwa ta kawo hari, duk tsuntsun da ya tashi sama ta sure shi. Ɗan zabo da ba shi da abin tashi ya faɗa ƙarƙashin uwarsa ya tsira, ya ɗago ya ce, "Inna, ashe gata kika yi mini."

"Kun ji dai," in ji Iya, "uwa ba ta cutar ɗanta, ko da abin ya yi kama da cuta."

Na ce, "Amma ai ƙarya ta yi masa, Iya."

"Ke Takwara, bakin nan naki ya girme ki. Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Bai mutu ba."

"To, magana ta ƙare." Ta ɗauki tsinke ta jefa tatsuniyar a toka.

Babana ya sare maɗacin, ya sassaƙe gindi da sanda, ya kafa inji a bakin gayaunarsa. Ranar gwaji gari ya fito kallo, yawanci don su ga yadda zai kunyata. Ya aro dokin abokinsa ya ɗaura, ya yi bismillah ya tura sandar rake. Dokin ya taka, ƙarfe ya yi wata ƙara mai ban tsoro, sai kuma ya sake ya fara juyi sumul, ruwan rake ya ɓalle yana zuba cikin garwa. Mutane suka ɗauki kabbara. Babana ya matso bakin garwa. Ya tari ƙoƙon farko ya ba ni ya ce, "Uwata, ruga ki kai wa Iya, ita za ta fara sha."

Na same ta a tsakar gida da wata maƙwabciyarmu. Ta karɓa tana guɗa da tsohuwar muryarta, ta kai baki. Sai maƙwabciyar ta ce, "Iya, sai barka. Autanki ya kafu. Baɗi war haka ya fita gandu ya kafa nasa gidan, wa zai riƙe mai inji?" Iya ta sauke ƙoƙon a hankali. Ta dube shi, ta miƙo mini ta ce in shanye, wai zaƙin ya yi mata yawa.

Kafin mako ya zagayo jakuna sun fara layi da rake a bakin gayaunar babana. Sai ga Baffa, wanda ya yi ta kiran abin gawa, ya zo ya tsaya yana shafa sandar da hannu. Da yamma ya kira ƙaninsa zaure ya ce inji na gandu ne, tunda a kan itacen gandu yake zaune. Babana ya ce, "Yaya, itacen Iya ne, ita ta ba ni." Baffa ya ce shi bai taɓa jin haka ba. Babana ya ce to zai cire ƙarfensa ya bar masa itacen. Baffa ya ce ya yarda, in zai mayar masa da maɗacin a tsaye da ganyensa.

Magana ta kai gaban mai unguwa. Ni ko a jikina, har tsalle nake yi, don na san da zarar an tambayi Iya an gama. Da hantsi mai unguwa da liman suka shigo har ƙofar ɗakinta saboda girmanta, aka shimfiɗa musu tabarma. Baffa ya zauna gefe, babana ya durƙusa gefe. Ina cikin ɗaki a bayanta. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gwiwa, aka tambayi sanyi, sannan mai unguwa ya gyara murya.

"Iya, abu ɗaya ya kawo mu. Maɗacin bakin fadama, marigayi ya ba ki shi, ko na gida ne?"

Iya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ranka ya daɗe, abin da ke gonar gida ai na gida ne."

Na zaci ban ji daidai ba. Ban san lokacin da na faɗo waje ba, na tsaya gaban manya ba ko durƙuso. "Wallahi nata ne! A gabana ta ce Malam ya ba ta, ta ce wa Baba ya je ya sare, ta ba shi duniya da lahira. Iya, ki faɗa musu!"

Liman ya dube ta. "Iya, me yarinyar nan ke faɗa?"

Ta yi 'yar dariya, irin wadda take yi in mun tambaye ta zanen kura. "Allah gafarta Malam, yarinya ce. Tatsuniya nake yi musu ranar, Auta ya shigo a tsakiya. Ita ba ta raba tatsuniya da zance ba tukuna."

Aka yi dariya. Mai unguwa ya yi, liman ya murmusa, Baffa har da buga cinya. Wani ya ce in wuce ciki in bar manya su yi magana. Na tsaya nan kamar an watsa mini ruwan sanyi, ina kallon bakin da ya faɗi magana ya kuma shafe ta. Ba a taɓa ci mini amana kafin ranar ba, ban ma san sunan abin ba.

Babana bai ɗaga murya ba. Ya matso da gwiwoyinsa ya ce, "Iya, haka ne?"

Ba ta dube shi ba. Ta ɗauki tsinke tana tonon tokar jiya.

"Shi ke nan," in ji shi. "In kin ce haka ne, haka ne."

Ba zai ƙaryata uwarsa a gaban mutane ba, ita ma ta san ba zai yi ba, kuma da wannan ta kama shi. Mai unguwa ya yanke cewa tunda bishiya ba ta komawa tsaye, inji ya shiga gandu, Auta ya ci gaba da kula da shi a ƙarƙashin yayansa. Aka shafa fatiha kowa ya kama gabansa.

Da isha'i ta hura wuta kamar ba abin da ya faru. Ta binne dankali, ta murza mazari ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafa ɗaya." Yara suka amsa da ƙarfi. Ni na koma bakin ƙofa inda hayaƙi ke bi, na ja bakina na tsuke. Ta sake faɗa tana kallona. Ta faɗa ta uku. Da ta ga ba ni da niyya, ta ce, "Takwara ta yi rowar ƙafa yau," ta fara ba da labarin, amma muryarta ba daɗi, ta kuma jefa shi toka tun bai kai rabi ba. Daga ranar ban sake ara mata ƙafa ba, na kuma kwashe tabarmata na koma ɗakin innata.

Babana ya matse raken shekarar har ƙarshe, bai yi ha'inci ba, ya koya wa ɗan Baffa inda ake zuba mai da yadda ake ɗaure noti. Da aka gama ya shiga zaure ya ce zai fita gandu. Ba inji, ba doki, ba komai, ya ce ko da hannu biyu ne zai fita. Muka ɗaura kaya muka nufi Hunkuyi, wajen dangin innata. Rumfarsa ya bar ta yadda take, guduma a kan uwar maƙera, zugazugi a rataye. Iya ta dogara sanda ta rako mu bakin zaure, ta kama hannuna ta danƙa mini curin mazarƙwaila na wannan injin. Muna shan kwana na miƙa wa jaki, kuma har yau ban ga laifina ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne daga baya. Babana bai sake taɓa ƙarfe ba. A Hunkuyi fitilar innata ta fara yoyo, ta ɗauko ta da hannunta ta ajiye a gabansa, ita da ke ɓoye masa ita cikin daddawa. Ya dube ta ya ce a kai kasuwa, akwai masu gyara. Innata ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ya rayu ya yi noma ya tsufa, mutum mai haƙuri, yana zuwa gaishe da uwarsa duk sallah, amma ban ƙara jin ya ce in zo in ji kukan wani abu ba. Injin kuwa bai ko yi tari ba. Ya yi ta juyi shekara da shekaru, haƙoran nan ko ɗaya bai fita ba, Baffa ya je Makka ya dawo, mutane suka koma kiransa injin Alhaji. Yaran da aka haifa daga baya ba su san wani Auta ya taɓa shi ba.

Sai da na yi aure na haihu sannan na sake zama da Iya mu biyu. Ta tsufa tukuf, ido ya tafi, tana kwance gefen wuta ko da rana. Ta shafa fuskata ta gane ni. Ban tayar da maganar ba, ita ta tayar.

"Takwara, cewa na yi in injin yana gida, shi ma yana gida. Ba zai iya tafiya ya bar shi ba. Haka na lissafa."

"Ya tafi kuwa, Iya."

"Ya tafi."

"To ni fa? Ni me na yi kika mai da ni maƙaryaciya a gaban liman?"

Can ta ce, "Ke yarinya ce. Na ce za ki manta."

Na ce mata ban manta ba. Na gyara mata bargo, na ƙara mata itace a wuta, na yi mata duk abin da jika ke yi wa kaka, amma ban ce mata ya wuce ba, don bai wuce ba.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Da ina ƙarama na ɗauka darasinta shi ne uwa ta fi ka sanin inda shirwa take. Da na girma na lura a gidanmu ba wata shirwa da ta zo. Iya ce ta saka ta a labarin don kaza ta fita kunya. Na kuma yi kiwon zabi da hannuna, na ga yadda suke: duk yadda kaza ta rene su, ba sa kwana a akurki, gara su hau bishiya ruwa ya dake su. Ranar da babban ɗana ya ce zai tafi Kaduna koyon gyaran mota, na ji irin abin da Iya ta ji lokacin da ta sauke ƙoƙon nan, har dabarar hana shi ta zo mini a shirye. A ranar na gane ta sarai. Na gane ta, amma ganewar ba ta wanke ta a wurina ba. Ta ji tsoron rasa ɗa, sai ta karɓe masa abin da ya fi so, ta haɗa da jikar da ke kwana a cinyarta, kuma duk da haka ta rasa shi.

Yanzu ni ce mai hura wuta. Jikokina suna taruwa, ina buɗe musu da ƙafa ɗaya suna ara mini ta biyu, don ban samu wata buɗewar da ta fi ta Iya daɗi ba. Abu ɗaya na canza. Kwanan baya ina tsakiyar labari autana ya shigo ya durƙusa, ya ce yana so in ba shi filin bayan ɗakina ya kafa rumfar walda. Na ɗauki tsinke na motsa wuta na ce, "Ta faɗa toka." Yara suka yi ca, wai ai ba ta ƙare ba. Na ce ta ƙare, su tashi tsaye duka, har da mai gyangyaɗi. Sai da na ga idon kowa a buɗe sannan na ce wa ɗana na ba shi filin, duniya da lahira.

Na juya ga 'yar ƙaramar da ke jingine da cinyata ta hagu na ce, "Kin ji abin da na faɗa?"

Ta ce ta ji.

Na ce, "To ki riƙe. Wannan ba tatsuniya ba ce, kuma duk ranar da na ce tatsuniya ce, ki tsaya gaban kowa ki ce ƙarya nake yi."